Tayin Kwana Biyar da Taƙaddamar Binciken Ƙwayoyin Tushe

A watan Nuwamba na shekarar 1998, wani masanin halitta na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, James Thomson, ya sanar da cewa shi da abokan aikinsa sun ciro wasu ƙwayoyin halitta da ake kira ƙwayoyin tushe daga tayin ɗan Adam mai 'yan kwanaki, sun kuma raine su a ɗakin gwaji suna ta hayayyafa ba tare da sun mutu ko sun rikiɗe ba. Tun a 1981 aka yi irin wannan aiki da tayin ɓera, a hannun Martin Evans da Matthew Kaufman a Ingila da kuma Gail Martin a Amurka, amma ɓera bai tayar wa kowa da hankali ba. Da abin ya zo kan mutum, sai maganar ta fita daga hannun masana ta shiga majalisun dokoki da kotuna da majami'u da zaurukan fatawa, kuma har yanzu tana can.

Jikin mutum yana ɗauke da nau'o'in ƙwayoyin halitta sama da 200, kowanne da aikinsa, kuma wadda ta riga ta zama ta jijiya ba ta komawa da kanta ta zama ta hanta ko ta tsoka. Ƙwayoyin tushe su ne waɗanda ba su riga sun kama wani aiki ba, don haka ana iya samun wasu nau'o'i daga gare su. Akwai su a jikin babba, musamman a cikin ɓargo, inda suke samar da jini, kuma likitoci sun shafe shekaru masu yawa suna dashen ɓargo ga masu sankarar jini ba tare da wani ya ce uffan ba. Sai dai na jikin babba suna da iyaka, domin kowace tana haifar da 'yan nau'o'in da suka danganci inda take ne kawai. Na tayi kuwa ba su da wannan iyaka. A wajen kwana na biyar bayan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, tayin yakan zama wani ɗan ƙwallo mai rami a ciki, wanda bai fi girman ɗigon alƙalami ba, mai ƙwayoyi ɗari da 'yan kai. Na waje su ne za su zama mabiyiya, na ciki kuma, waɗanda suka taru a gefe guda, daga gare su ne dukkan jiki zai fito: ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙashi, fata. Waɗannan na cikin su ake nema, saboda ana fatan a sarrafa su su maye gurbin ƙwayoyin da suka mutu a jikin mai ciwon suga, ko mai cutar karkarwa ta Parkinson, ko wanda lakarsa ta tsinke. Amma a hanyar da aka saba bi, ba a iya ciro su sai an wargaza tayin, kuma duk gardamar da ake yi a kan wannan gaɓa ɗaya take tsaye.

Daga ina tayin yake fitowa? Wannan tambaya ce da ake yawan tsallakewa, alhali a ganina ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. A shekarun da suka biyo bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a watan Yulin 1978, jaririya ta farko da aka samu ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, asibitocin taimaka wa masu neman haihuwa suka ɗauki wata al'ada: a ba mace magungunan da za su sa ta saki ƙwai da yawa a lokaci guda, a haɗa su duka da maniyyin mijinta, a dasa ɗaya ko biyu a mahaifa, a daskarar da sauran. Idan ma'aurata suka sami 'ya'yan da suke so, ragowar sai ta zauna a cikin tukwanen sanyi shekara da shekaru. Wani bincike da cibiyar RAND ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa akwai irin wannan tayi kimanin 400,000 a daskare a Amurka kaɗai, kuma ƙasa da kashi 3 cikin ɗari ne masu su suka ware domin bincike. Ke nan tun kafin Thomson ya taɓa ko ɗaya, an riga an tara ragowar da ba a san yadda za a yi da ita ba, kuma an riga an saba zubar da wasu cikin sirri.

Masu adawa da binciken suna da hujja mai ƙarfi, kuma zalunci ne a mayar da ita tsattsauran ra'ayin addini kawai. Cocin Katolika, wadda ta bayyana matsayinta a takardun da fadar Vatican ta fitar a 1987 da 2008, tana cewa daga lokacin da ƙwai ya haɗu da maniyyi an sami sabon rai na ɗan Adam, mai nasa tsarin gado wanda ba na uwa ba ne kuma ba na uba ba, kuma daga nan har tsufa tafiya ɗaya ce ba yankewa. Duk wanda ya ja layi a tsakiyar wannan tafiya ya ce daga nan mutunci ya fara, a cewarsu, ya zaɓi wurin da ya dace da buƙatarsa ne. Idan aka ce musu ai tayin nan zubar da shi za a yi ko ba a yi binciken ba, sai su amsa da cewa kasancewar mutum zai mutu gobe ba ya halatta a cire gaɓoɓinsa yau. Abin da ya sa nake ganin girman wannan matsayi shi ne bai yi tufka da warwara ba, domin Cocin ta ƙi amincewa da haɗa ƙwai a ɗakin gwaji tun daga tushe. Wanda ya fi wuyar karewa shi ne matsayin 'yan siyasar da suke kiran binciken kisan kai, amma ba su taɓa buɗe baki a kan asibitocin da suke samar da ragowar suna kuma zubar da ita ba, saboda masu zaɓensu suna son waɗannan asibitoci.

Masu goyon baya kuwa suna cewa mutunci yana ƙaruwa ne da girman halitta. Tayin kwana biyar ba shi da jijiya ko ɗaya, ba ya jin zafi, bai manne da mahaifa ba, kuma ko a cikin jikin mace da yawa daga irinsa sukan zube ba tare da ita kanta ta san an yi ba. Suna ƙarawa da wata hujja wadda ta fi waɗannan zurfi: har zuwa wajen kwana 14 tayin yana iya rabewa biyu ya zama tagwaye, don haka da wuya a ce mutum ɗaya takamaimai ya riga ya samu. A kan wannan ne kwamitin da masaniyar falsafa Mary Warnock ta jagoranta a Birtaniya ya ba da shawara a 1984 cewa a yarda da bincike a kan tayi, amma kada a raine shi a ɗakin gwaji fiye da kwana 14, lokacin da alamar farko ta tsarin jiki take fara bayyana. Majalisar Birtaniya ta mayar da shawarar doka a 1990, ta kafa hukumar da ke ba da lasisi da sa ido, ƙasashe da dama kuma suka ɗauki wannan iyaka.

Malaman Musulunci sun tunkari mas'alar daga wata ƙofa dabam. Alƙur'ani, a Suratul Muminun da Suratul Hajji, ya bayyana halittar mutum mataki-mataki, daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini zuwa tsoka, kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito shi ne mafi yawan malamai suka dogara da shi wajen cewa ana busa rai ne bayan kwana 120, ko da yake wasu sun rinjayar da kwana arba'in da 'yan kai bisa wata ruwaya ta Muslim. Wannan bai sa tayin farko ya zama abin banza a wurinsu ba. Malikawa sun tsananta a kan taɓa abin da ya riga ya zauna a mahaifa ko da kafin kwana arba'in ne, Imam Gazali kuma ya ɗauki lalata shi laifi tun daga haɗuwar ruwan biyu, laifin da yake ƙara girma yayin da halittar take ƙara cika. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne bambancin da malaman zamani suka yi tsakanin tayin da ke cikin mahaifa da wanda ke cikin kwanon gwaji, wanda ba zai taɓa zama jariri ba sai an dasa shi. A 1990 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta ce a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da za a dasa domin a guji samun ragowa. A 2003 kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a Makka, ta halatta ciro ƙwayoyin tushe daga ragowar tayin asibitocin haihuwa idan iyaye suka bayar da yardarsu, haka nan daga igiyar cibiya da mabiyiya da cikin da ya zube da kansa, amma ta haramta ciro su daga cikin da aka zubar da gangan ba tare da dalilin da shari'a ta yarda da shi ba, ko daga tayin da aka haɗa da ƙwai da maniyyin da aka karɓo daga wasu domin wannan manufa, ko ta hanyar kwafin halitta, wato samar da tayi mai tsarin gado iri ɗaya da na wani mutum da ya riga ya samu. A Iran, cibiyar Royan ta samar da nata ƙwayoyin tun a 2003 da amincewar malaman ƙasar. Malaman Yahudanci ma, waɗanda tsohuwar koyarwarsu ba ta ba tayin da bai kai kwana arba'in ba matsayin mutum, galibinsu sun goyi baya, abin da ya taimaka wa Isra'ila ta shiga sahun gaba a fannin.

Wannan layi da aka ja a Makka, tsakanin ragowar da ta riga ta samu da tayin da aka ƙirƙira musamman domin a wargaza shi, shi ne wanda na fi gamsuwa da shi, musamman idan aka haɗa shi da gargaɗin Jidda na rage ragowar tun daga farko. Tayin da iyayensa suka gama haihuwa, ba za a dasa shi ba, kuma makomarsa zubarwa ce, bayar da shi ga binciken da zai iya ceton majinyaci ya fi kusa da girmama shi a kan jefa shi cikin shara. Amma ranar da aka fara haɗa tayi domin ya zama kayan aiki, an canza manufar samuwarsa gaba ɗaya, kuma tsoron masu adawa a nan gaskiya ne.

A Amurka, inda hayaniyar ta fi ƙarfi, abin mamaki shi ne gwamnatin tarayya ba ta taɓa haramta binciken ba. Rigimar duka a kan kuɗin masu biyan haraji take. Tun 1996 akwai wani sashe da ake kira Dickey-Wicker, wanda majalisa take sabuntawa a dokar kasafin kuɗi kowace shekara, da ya hana kashe kuɗin tarayya a aikin da za a ƙirƙiri tayi ko a lalata shi, shi ya sa Thomson ya yi nasa aikin da kuɗi masu zaman kansu, ciki har da na kamfanin Geron. Ranar 9 ga Agustan 2001 Shugaba George W. Bush ya yi wa ƙasa jawabi daga gonarsa a Texas, ya ce gwamnati za ta tallafa wa bincike a kan zuriyoyin ƙwayoyin (wato rukunin ƙwayoyin da aka ciro daga tayi ɗaya suke ta hayayyafa a ɗakin gwaji) da aka riga aka samar kafin wannan rana kaɗai, tun da an riga an yanke hukuncin rayuwa da mutuwa a kansu. Ya ce sun haura 60, amma da aka zo rabawa, waɗanda masana suka iya samu ba su wuce 21 ba. Dakunan gwaji suka koma raba kayan aikinsu gida biyu, na kuɗin tarayya da na sauran, don kada a kama su da laifi.

Siyasar ba ta bi layin jam'iyyu sak ba. Sanata Orrin Hatch na jam'iyyar Republican, wanda ya yi suna wajen adawa da zubar da ciki, ya goyi bayan binciken bisa hujjar cewa rayuwa tana farawa ne a mahaifar uwa, haka ma Nancy Reagan, wadda ta yi jinyar mijinta, tsohon Shugaba Ronald Reagan, a cutar mantuwa ta Alzheimer. Majalisa ta zartar da ƙudirin sassauta takunkumin, Bush ya hau kujerar na-ƙi a watan Yulin 2006, karo na farko da ya yi haka a mulkinsa, yana kewaye da yaran da aka haifa daga daskararren tayin da wasu ma'aurata suka karɓa, ya kuma maimaita a 2007. Jihar Kalifoniya ba ta jira ba, domin a 2004 masu zaɓe suka amince a ware dala biliyan 3 ga binciken. Barack Obama ya ɗage takunkumin ranar 9 ga Maris 2009, wani alƙalin tarayya ya dakatar da tallafin a Agustan 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta soke dakatarwar, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron shari'ar a 2013. Sashen Dickey-Wicker yana nan, wato gwamnati tana biyan kuɗin aiki da ƙwayoyin amma ba ta biyan kuɗin ciro su.

Jamus ta yi irin wannan dabara ta wata fuska. Tarihin gwaje-gwajen likitocin Nazi a kan mutane ya sa dokarta ta 1990 ta hana lalata tayi domin bincike, amma dokar 2002 ta yarda a shigo da ƙwayoyin da aka samar a ƙasashen waje kafin 1 ga Janairun 2002, daga baya aka matsar da ranar zuwa 1 ga Mayun 2007. Ranar da ake iya matsarwa idan buƙata ta taso ba ta amsa tambayar mutuncin tayi ba, ta dai ba ƙasa damar cin moriyar abin da take ƙyamar aikatawa da hannunta. A Italiya, ƙuri'ar raba gardama ta 2005 da aka shirya domin sassauta dokar 2004 ta faɗi saboda ƙarancin masu fitowa, bayan shugabannin Coci sun yi kira a ƙaurace mata. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta kasa samar da yarjejeniya mai tilasci a kan kwafin halittar ɗan Adam, sai sanarwa kawai a watan Maris na 2005, wadda ƙasashe 84 suka goyi baya, 34 suka ƙi, 37 suka ƙaurace.

Akwai wata mai haƙƙi a wannan magana da aka daɗe ana mantawa da ita, wato macen da ake karɓar ƙwanta. Ciro ƙwai yana buƙatar allurai na kwanaki da ɗan ƙaramin aikin tiyata, kuma magungunan suna iya kumbura ma'ajiyar ƙwai har rai ya shiga haɗari. Abin da ya faru a Koriya ta Kudu ya fito da wannan fili. Hwang Woo-suk na Jami'ar Ƙasa ta Seoul ya wallafa a 2004 da 2005 cewa ya samar da ƙwayoyin tushe daga tayin da ya yi ta kwafin halitta, ƙasarsa ta ɗauke shi gwarzo, sai aka gano sakamakon ƙage ne, an yi amfani da ƙwai sama da 2,000, an biya wasu matan kuɗi, wasu kuma ƙananan ma'aikata ne a ɗakin gwajinsa. Duk inda aka ce a ƙirƙiri tayi domin bincike, buƙatar ƙwai za ta ƙaru, kuma mata masu ƙaramin ƙarfi ne za a fara nufa. Wannan ya sa wasu masu fafutukar haƙƙin mata, waɗanda ba su yarda tayi mutum ne ba, suka tsaya layi ɗaya da Coci a wannan gaɓa.

A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna cewa idan aka cusa ƙwayoyin gado huɗu a cikin ƙwayar fatar ɓera, takan koma baya ta zama kamar ta tayi. A 2007 ɗakin gwajinsa da na Thomson suka yi haka da ƙwayoyin mutum, kuma a 2012 Yamanaka ya sami lambar Nobel tare da John Gurdon. Masu adawa suka ce ga shi an sami hanya ba tare da taɓa tayi ba, kuma suna da gaskiya har zuwa wani mizani, domin zafin rigimar ya ragu ƙwarai. Masana kuma suka tunatar da cewa da nazarin ƙwayoyin tayi ne aka gane waɗanne ƙwayoyin gado za a gwada, kuma har yanzu da su ake auna ingancin sababbin.

Game da magani, wajibi ne a faɗi cewa an yi wa majinyata alƙawarin da ya fi ƙarfin ilimin lokacin. Gwajin farko a jikin mutane, wanda Geron ya fara a 2010 ga masu raunin laka, an dakatar da shi a 2011 saboda dalilan kuɗi. Ƙwayoyin suna iya zama ƙari idan ba a gama sarrafa su ba kafin dasawa, garkuwar jiki kuma tana iya ƙin su. Sai a 'yan shekarun nan aka fara ganin sakamako mai ƙarfafa gwiwa, kamar gwajin kamfanin Vertex da aka wallafa a 2025, inda mutum 10 cikin 12 masu ciwon suga nau'i na ɗaya suka daina allurar insulin bayan shekara guda, ko da yake dole su riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki. A tsawon shekarun jiran nan, asibitocin bogi a ƙasashe da dama sun yi ta sayar wa mutanen da suka ƙosa alluran da ba a gwada ba da sunan ƙwayoyin tushe, kuma wani ɓangare na alhakin yana wuyan waɗanda suka zuzuta binciken a lokutan yaƙin neman zaɓe.

Yanzu iyakar kwana 14 ita kanta tana girgiza. Lokacin da Warnock ta ja ta, babu wanda yake iya rainon tayi ya kai ko kusa da nan, amma a 2016 masana a Cambridge da New York suka kai kwana 12 zuwa 13, suka tsaya saboda ƙa'idar. A 2021 ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin tushe ta duniya ta cire haramcin kai tsaye daga jagororinta, ta ce kowace ƙasa ta tattauna da jama'arta kafin a wuce. A 2023 ɗakin gwajin Jacob Hanna a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya haɗa wani abu mai kama da tayin mako biyu daga ƙwayoyin tushe kaɗai, ba ƙwai ba maniyyi, abin da dokokin ƙasashe da yawa ba su ma san sunan da za su ba shi ba, tun da an rubuta su ne bisa zaton cewa tayi daga haɗuwar ƙwai da maniyyi yake farawa. A ɗaya gefen kuma, Kotun Ƙolin jihar Alabama ta yanke a watan Fabrairun 2024 cewa daskararren tayi yaro ne a ƙarƙashin dokar diyyar kisa ta jihar. Cikin 'yan kwanaki wasu asibitocin haihuwa suka dakatar da aiki don tsoron ƙara, ma'auratan da suke tsakiyar magani suka shiga tsaka mai wuya, majalisar jihar kuma, wadda masu adawa da zubar da ciki suka fi rinjaye a cikinta, ta yi gaggawar zartar da dokar kare asibitocin a watan Maris ba tare da ta taɓa hukuncin kotun a kan matsayin tayin ba.